Jan Ƙyalle a Kan Makunni

Shekara ashirin da biyu ya yi a masana'antar ƙanƙara, kuma duk tsawon shekarun nan bai taɓa buƙatar rubuta wa kowa komai ba. In yana son magana da wani, sai ya leƙo ta bayan inji ya yafito shi da hannu. A can aka laƙaba masa Kunne, saboda yakan tsaya a bakin ƙofa ya karkata kai ya saurara, ya ce kwamfiresa ta uku, ɗaya daga cikin injinan da ke kawo sanyi, za ta tsaya kafin la'asar, kuma ta tsaya ɗin. Da masana'antar ta rufe, sai da ya yi wata bakwai a gida yana kwance fankar da lafiyarta ƙalau yana mayarwa, har matarsa ta fara ɓoye masa sukudireba a cikin kayan ɗinkinta.

Sabon aikin da ya samu a wani kamfani ne mai kula da ɗakunan sanyi, na masu kifi da na masu magani da na otal-otal. An ce masa ma'aikata goma sha ɗaya ne, amma a ranar farko mutum ɗaya ya gani, Manaja, wata mace mai gilashi wadda ba za ta wuce sa'ar ƙanwarsa ta ƙarshe ba. Ta miƙa masa jakar kayan aiki da makullin babur da wata wayar hannu mai faɗin tafin hannunsa.

"Ofishinmu ke nan, Baba," ta ce tana ƙwanƙwasa fuskar wayar da farce. "Da safe aiki zai zo maka a manhajar nan. In ka isa wuri ka danna ka isa. In ka kashe wuta ka rubuta ka kashe. In wani abu ya ɗaure maka kai, ka ɗauki hoto ka jefa a guruf, sauran za su gani. Wata ukun farko na gwaji ne, daga nan sai mu ga yadda za a yi."

Ya ce to. A ransa kuwa cewa ya yi inji dai inji ne, ko da waya ko ba waya.

Injinan ba su ba shi matsala ba. Wayar ce ta zame masa ciwon kai. Babban yatsansa ya yi kanta tun zamanin da yake ɗaure noti ba sifana, har wayar ba ta yarda cewa yatsan mutum ne. Sai ya danna sau uku kafin ta amsa, in ta amsa kuma ta rubuta abin da ba shi ya nufa ba. Guruf ɗin kuwa ba ya hutawa. Wannan ya turo hoton bututu ya yi ƙanƙara, wancan ya turo muryarsa yana tsokanar wani da ya manta tsani a kan rufin otal, wani ya turo 'yar fuskar nan mai dariya har da hawaye. Duk sun san juna ciki da waje. Shi kuwa lamba ce kawai a ƙasan jerin, ba hoto, ba suna.

Ba wai ba ya karantawa ba ne. Babu saƙon da ke wuce shi. In wani ya turo hoton matsala, Kunne kan ajiye babur a gefen titi ya matse ido ya ƙura wa hoton, sau da yawa ya gano cutar kafin mai hoton ya gama bayani. Sai ya kira mutumin shi kaɗai, ya gaishe shi, ya tambayi iyali, sannan a hankali ya ce ko zai duba wayar wutar da ke bayan akwatin. A inda ya koyi aiki, ba a gyara wa mutum kuskure a gaban jama'a, jan shi gefe ake yi. Shi a ganinsa mutunci yake yi musu, kuma mutuncin ne, sai dai babu wanda yake ganinsa in ban da wanda aka kira.

A mako na goma Manaja ta kira shi kiran bidiyo. Ya amsa ya kara wayar a kunne, sai da ta ce masa cikin kunnensa take kallo sannan ya janye ta.

"Baba, aikinka ba shi da makusa," ta ce. "Amma na duba. A mako goma sau huɗu ka yi magana a guruf, kuma duka huɗun 'to' ka rubuta. Rabin ayyukanka ba ka danna ka isa ba, sai ka gama muke sani."

"Ai ana yin aikin, Manaja."

"Ana yi. Amma mu sha ɗaya ne a warwatse cikin gari, ba ma ganin juna. Wanda ba ya magana a nan, a wurinmu kamar ba ya nan ne. Saura mako biyu. Ina so in tabbatar da kai, amma ba zan tabbatar da mutumin da abokan aikinsa ba su san inda yake ba."

Maganar ta yi masa zafi. Ya tuna watannin nan bakwai, da yadda yake jin kunyar maƙwabta su gan shi a ƙofar gida da hantsi. Ya yi wa kansa alkawari cewa ko wayar nan za ta cinye masa yatsa sai ya koye ta.

Da yamma ya zauna a kan ƙaramar kujera a bakin kicin, wayar a hannu. Matarsa ce ta nuna masa ba dole sai ya rubuta ba, akwai wata 'yar alama da zai danne ya yi magana kawai. Ya danne, ya gyara murya.

"Assalamu alaikum, 'yan uwa abokan aiki, da fatan kowa ya wuni lafiya, da iyali, da gajiya..." Ya tsaya. Ya goge.

"Wa'azi za ka yi musu?" ta tambaya tana yanka albasa.

Ya sake gwadawa. Wannan karon ya kai har inda zai faɗi abin da ya gyara a ranar, sai ya ji kamar yabon kansa yake yi, ya sake gogewa.

"Ikon Allah," ta ce. "Mutumin da ke hira da kwamfiresa kamar ɗan uwansa, ga shi mutane goma sun gagare shi."

"Kwamfiresa ba ta turo wa mutum fuska mai dariya."

"To ka tura musu mai kuka mana, ai ta fi kama da kai."

Sau tara ya ɗauki muryarsa a yammacin nan, sau tara ya goge. Amma washegari ya danna ya isa a duka ayyukansa uku, ya kuma tura hoton wani bututu da ya liƙe, ko da yake rabin hoton yatsansa ne. Mutum biyu suka ɗaga masa babban yatsa a ƙarƙashin hoton. Ya daɗe yana kallon yatsun nan biyu, ya ji daɗin da bai yi zato ba.

Ranar Laraba ta mako na ƙarshe, yana tsakanin aiki da aiki, mai kula da sito na wani kantin magani ya kira shi. Kunne ya taɓa yi musu aiki, ya kuma bar wa mutumin lambarsa, yadda ya saba yi tun da. Mai siton ya ce injin ɗakin sanyinsu da ke kan rufi yana wani irin gurnani. Hanyarsa ce, sai ya biya. Aikin bai zo ta manhaja ba, saboda haka babu wurin da zai danna ya isa, shi kuma bai ga dalilin damun mutane a kan ɗan leƙawa na minti goma ba.

Tun daga ƙasan tsani ya ji injin fanka ne ke neman mutuwa. Ya shiga lungun da akwatin wuta yake, ya kashe babban makunni, ya ciro jan ƙyalle daga aljihunsa ya ɗaura a kai, ƙulli biyu. A masana'antar ƙanƙara, jan ƙyalle a kan makunni doka ce. Ma'anarsa akwai hannun mutum a cikin inji, kuma ko mai masana'antar bai isa ya taɓa ba sai wanda ya ɗaura ya zo ya kwance. Hannunsa ya ɗaura ƙyallen ba tare da ya yi shawara da kansa ba. Ya hau rufi, ya cire murfi, ya zare wayoyin wuta uku daga jikin fankar ya bar su a buɗe. Ya gaya wa mai sito kada a buɗe ƙofar ɗakin sanyin, sanyin ciki zai riƙe har ya je kasuwa ya sayo sabon injin fanka ya dawo.

Abin da bai sa a lissafi ba shi ne wata 'yar na'ura da ke liƙe a bangon ɗakin. In wuta ta yanke fiye da rabin awa, ita da kanta take aika wa ofis. Ta aika. Manaja ta duba manhaja ba ta ga kowa a wurin ba, sai ta tura wanda ya fi kusa, wani ma'aikaci da ake kira Dogo, wanda ya fi kowa surutu a guruf. Dogo ya isa ya tarar mai sito ya fita karɓo kaya, maigadi ne ya buɗe masa. Ya ga makunni a kashe da wani tsumma a kai, ya ɗauka mai shara ne ya rataye. Ya kwance ya ajiye gefe, ya tura makunnin sama. Daga kan rufi aka ji ƙara, warin ƙuna ya sauko ta tsani.

Kunne yana tsaye a shagon kayan gyara, sabon injin fanka a hammatarsa, wayar ta fara rawa a aljihu ba ƙaƙƙautawa. Ya ciro. Hoton farko na allon da ke sarrafa injin ne, ya yi baƙi ƙirin. Na biyu wayoyin wuta uku ne sun manne da jikin ƙarfe. Na uku akwatin wuta ne, kuma a ƙasan hoton, a gefe, ga jan ƙyallensa a yashe.

An riga an yi wa Dogo caa. Wani ya rubuta cewa ko ɗan koyo ya san ba a kunna wuta sai an hau an duba. Wani ya ce da akwai mutum a kan rufin fa? Dogo ya turo murya yana rantsuwa manhaja ba ta nuna kowa ya taɓa wurin ba, babu ko ɗigon barkwancin da aka san shi da shi a muryar. Sai ga saƙon Manaja: "Dogo, in an gama ka same ni a ofis. Ɗakin nan magani ne a ciki. Wa ya san wanda ya buɗe injin?"

Kunne ya fita bakin shagon ya zauna a kan babur. Kwana biyu suka rage masa. Mai sito zai dawo ya faɗa, ko kuma ba za a tambaye shi ba sai gobe, ko a ce wani mai gyara na waje ne. Tunanin ya ɓoye gaskiya ya zo masa, ba zai ce bai zo ba, ya kuma ji kunyar zuwansa. Ya nemo lambar Manaja don ya kira ta ita kaɗai, ya yi mata bayani a tsanake yadda manya ke yi. Yatsansa na kan lambar ya tsaya. A gaban mutum goma aka zubar wa Dogo da mutunci. In ya je gefe ya raɗa wa Manaja gaskiya, ita kaɗai za ta ji, sauran kuma za su koma gida da abin da suka karanta.

Ya koma guruf. Ya danne 'yar alamar nan da ƙarfi har farcensa ya yi fari, motoci na wucewa, mai shago na kallonsa.

"Ni ne sabon ma'aikacin nan, mai lambar ƙarshe. Ni na buɗe injin. Mai sito ne ya kira ni kai tsaye, na je ban gaya wa kowa ba. Ni na kashe makunni, ni na zare wayoyin na bar su ba rufi. Ƙyallen nan da ke ƙasa a hoto na uku nawa ne. A inda na fito, shi ne alamar kada a kunna. Amma Dogo bai yi aiki a inda na fito ba, ba shi da yadda zai sani. An ce min in rubuta in na kashe wuta, ban rubuta ba. Laifina ne, ba nasa ba." Ya ja numfashi. Ransa ya ce ya isa haka, amma bai saki alamar ba. "Yanzu maganin ne abin ji. Tun sha ɗaya da rabi wuta ta yanke. In ba a buɗe ƙofa ba muna da kamar awa ɗaya da rabi. Injin fanka yana hannuna. Allo ne ba ni da shi, kuma ban san inda ake samu ba. Ina neman taimako."

Ya saki. Kafin ya fara tunanin gogewa saƙon ya tafi, ya ga ƙananan alamomi suna nuna mutum ɗaya ya ji, uku, bakwai, goma.

Wanda ya fara amsawa wani ne da ke aiki a ɗaya gefen gari. Ya ce akwai irin allon a bayan motarsa, ya ciro shi daga wani inji da aka daina amfani da shi, yana tahowa. Wani ya ce yana wurin masu kifi, zai taho da akwatunan ƙanƙara ko da za a kwashe maganin. Manaja ta rubuta: "Baba, koma wurin. Ka bar kiran bidiyo a buɗe."

Ya tarar da Dogo a zaune a matakin tsani, ya haɗa kai da gwiwa. Dogo ya ɗago ya dube shi daga sama har ƙasa. Yau ce ranar farko da suka ga juna.

"Kai ne Baban da ya kira ni kwanaki a kan firijin otal?"

"Ni ne. Ka yi haƙuri, ɗana."

"Na ɗauka yau aikina ya ƙare." Ya miƙe ya karkaɗe wando. "Kawo wayar in riƙe maka, na ga hotunanka, rabi yatsa ne."

Kafin su hau, Kunne ya sake kashe makunni. Ya tsaya a gaban akwatin ya rubuta a guruf, harafi ɗaya bayan ɗaya, cewa ya kashe wuta kuma su biyu suna kan rufi. Dogo ya tsaya yana jira, bai ce ya kawo ya rubuta masa ba.

A kan rufi rana ta take, ƙarfen injin yana ƙona hannu. Dogo ya saita wayar, fuskoki shida suka bayyana a ƙananan akwatuna, wani a cikin mota, wani da hular kwano a ka. Kunne bai taɓa aiki ana kallonsa haka ba, da farko har sifana ta suɓuce masa. Allon da aka kawo kuma ba irin wanda ya sani ba ne, ramukan wayoyinsa a jere daban. Da a da ne, da sai ya yi shiru ya yi ta gwaji har ya gano. Yau ya ɗaga allon gaban waya ya ce bai san wannan ba. Wata murya daga cikin akwatunan ta ce shuɗiyar a rami na biyu, ba na uku ba, ya bi yadda aka ce.

Saura minti ashirin a lissafin Kunne, Dogo ya sauka, ya sanar a guruf, ya tura makunni. Fanka ta juya. Kunne ya karkata kai ya saurara, ya ce kwamfiresa lafiyarta lau. Suka tsaya a gaban ma'aunin da ke jikin ƙofar ɗakin suna kallon lambar tana sauka, bakwai, shida, biyar. Ba a buɗe akwatunan ƙanƙara ba.

Hukuncin Manaja a guruf ya zo, tunda a can aka yi maganar. Ta rubuta cewa Dogo ba sai ya zo ofis ba, amma nan gaba ya hau ya duba kafin ya kunna. Ta ce kuskuren Baba babba ne, da mutum zai iya mutuwa, kuma za ta rubuta shi a takardarsa. Ba za ta tabbatar da shi ranar Juma'a ba. Ta ƙara masa wata ɗaya, shi da Dogo za su riƙa fita tare.

Ya karanta sau biyu a tsaye a gefen babur. Ba abin da ya so ba ne, kuma ya san ya fi abin da ya cancanta. Wata ɗaya kwana talatin ne, ya ƙudurta babu ranar da za ta wuce a cikinsu ba a san inda yake ba.

Rana ba ta faɗi ba ya isa gida. Matarsa na kwashe shanya a tsakar gida, ta dubi fuskarsa ta ajiye kwandon. Ya fara ba ta labari, ya rasa ta inda zai ɓullo, sai kawai ya buɗe saƙon ya miƙa mata. Ta kara a kunne ta saurara har ƙarshe, ba ta tsokane shi ba, abin da ya fi ba shi tsoro.

"Sun kore ka?"

"Sun ƙara min wata ɗaya."

"Za ka iya?"

"Zan iya."

Ta gyaɗa kai, amma ba ta mayar masa da wayar ba. Ta zauna a bakin baranda ta juya ta a hannu.

"Shekara ashirin da shida ina gidan nan," ta ce, "ban taɓa jin ka ce kana neman taimako ba. Ina ake dannawa a sake ji?"

Ya zauna kusa da ita ya nuna mata.